Gidan Inna Ya Koma Ruwan Toka

A wani layi da gidajensa ke manne da juna, an yi wani direba da kowa ke kira Na-Sani. Ba a ranar suna ya samu wannan laƙabi ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ba a taɓa fara magana a gabansa an kai ƙarshenta ba. In ka ce masa rediyonka ya lalace, zai ce ya sani, har ya gaya maka abin da ya lalata shi tun bai ga rediyon ba. In kuwa ka yi gangancin miƙa masa ya gyara, to ka fara neman wani.

Gidan da yake zaune da matarsa na mahaifiyarsa ne, wadda duk layin ke kira Inna. Marigayi mijinta ne ya gina shi, kuma shi ya yi masa fenti da hannunsa, yadda ransa ya so. Ƙofar gida koriya shar, ƙofar ɗakin Inna shuɗiya, ta kicin ja, ta banɗaki rawaya, bangon tsakar gida kuwa ruwan hoda. Duk wanda zai yi wa baƙo kwatance a layin, da gidan yake farawa.

To, shekaru sun ja, sai yanar ido ta rufe wa Inna gani, har duniya ta koma mata kamar ana ƙona shara a gabanta kullum. Ƙanwar Na-Sani, wadda suke kira Auta, ita ta yi tsaye aka kwantar da tsohuwar a asibiti don a cire yanar. A barandar asibitin ne ta ja yayanta gefe.

"Yaya, in an sallame ta, gidana za ta wuce. Kai kullum kana kan hanya, gidan kuma ya tsufa, bango sai zubar da ɓawo yake yi."

"Ina babban ɗa, ina raye, a ce uwata ta koma gidan suruki? Me mutanen layi za su ce?"

"Za su ce ta huta."

"Na sani bakinki ba ya mutuwa. To ki ji. Kafin a sallame ta zan mayar da gidan nan abin kallo. Ta zo ta gani da sabon idonta, ta zaɓa da kanta."

Auta ta ce ta yarda, kuma ta yarda da sauri, abin da ya ɗan dame shi. Gaskiyar magana, ba surutun mutane kaɗai yake tsoro ba. Tun da aka haife shi bai taɓa zama a gidan da babu muryar Inna ba, ko da faɗa take yi, kuma ko tunanin ɗakinta a rufe ba ya son yi. Amma wannan ba abin da zai faɗa wa Auta ba ne.

Inda ya samo dabarar gyaran kuwa, an taɓa ba shi ya tuƙa wata mata mai ƙawata gidajen manya na ɗan lokaci. Ita tana baya tana waya, shi yana gaba yana tsintar abin da ya faɗo. Daga nan ya ɗauki kansa abokin aikinta. Don haka da yamma ya nufi bencin mai aski, inda telan layin ke zuwa shan iska, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ku matsalarku ba ku shiga wurare. Kun san abin da ya bambanta gidan manya da namu?"

"Abinci," in ji tela.

"Launi. Bangon babban mutum ba ya ihu. Ruwan toka, ruwan madara, ruwan ƙasa. Launi ɗan ba-ruwana ke nan, ba ya faɗa da kowa, ba ya goyon bayan kowa. Ka shiga ka ji hankalinka ya kwanta. Amma dubi gidanmu. Kore na zagin ja, ja na hararar shuɗi, mutum ya tashi da ciwon kai bai san dalili ba. Ni ina ma zargin launin nan ne ya kashe wa Inna ido."

Mai aski ya tsayar da almakashi. "Na ji likita ya ce shekaru ne."

"Likitan ya taɓa shiga gidanmu?"

Babu wanda ya iya cewa ya taɓa, sai Na-Sani ya ɗauka ya ci gardama.

Washegari ya karɓi hutu a wurin aiki ya dira shagon fenti. Mai shagon ya shimfiɗa masa kwali mai ɗauke da ruwan toka kala-kala, ya ce ya zaɓa. Na-Sani ya ture kwalin da bayan hannu. Ya ce wannan duk dabarar 'yan kasuwa ce, ko ɗan aji ɗaya ya san fari da baƙi ke haifar ruwan toka. A ba shi farin da baƙin, shi zai ɗaura musu aure a gida. Mai shago ya tambaya ko a haɗa shi da mai fenti.

"Ni za a haɗa da mai fenti? Ka san wadda na yi aiki da ita kuwa?"

Mai shago bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Ya ɗora masa gwangwanaye da buroshi da rola, ya raka shi da fatan alheri har bakin titi.

Matar Na-Sani ta fito daga kicin ta tarar da shi a tsugune yana dama fenti a bahon wankinta.

"Malam, bahona ne fa."

"Madam, tarihi ake kafawa." Tun da ya tuƙa matar nan ya fara ce mata Madam, ita kuwa ji take kamar ya zage ta.

"Da muciyata ake kafa tarihin?"

"Za a wanke."

"Inna ta san za ka taɓa mata gida?"

"In ta sani ai ba mamaki ke nan. Ke dai ki zuba ido."

Ta ce idon ma shi za ta zuba, tunda ba ta da baho balle ta zuba ruwa.

Damin farko ya fito fari-fari, kamar tokar murhu. Ya shafe bangon gabas da shi, ya ja baya ya riƙe ƙugu yana yaba kansa. Da bahon ya ƙare ya sake damawa, kuma da yake awon nasa da ido ne, wannan karon baƙin ya ɗan zarce. Bangon kudu ya fito kamar hadari ya haɗo. Na uku kuwa ya faɗa tsakaninsu, bai yi kama da ko ɗaya ba. Tela ya leƙo da tef a wuya, ya dubi wannan ya dubi wancan.

"Na-Sani, bangayen nan ba uwarsu ɗaya ba."

"Na sani. Da gangan ne. Ana kiransa hawa-hawa."

Tela na fita ya ɗauki rola ya koma kan bangon gabas don ya kamo na kudu. Ya kamo shi har ya wuce. Sai ya koma kan na kudu don ya kamo na gabas. Haka ya yi ta tsere da kansa, kullum baƙi na ƙaruwa, yana zarya zuwa shagon fenti har mai shagon ya fara tambayarsa lafiyar iyali. Ranar da bangayen suka daidaita, gidan ya zama launin jaki sak. Na-Sani ya ce daidai abin da yake nema ke nan tun farko.

Sai dai fa da bango ya yi shiru, ƙofofi suka fara ihu. Shuɗiyar ƙofar Inna ta tsaya a tsakiyar tokar tana tsone masa ido, ya bi ta da buroshi. Ya bi ta kicin, ya bi ta ɗakinsa, ya bi ta sito. Da ya zo ta banɗaki, ya ga ai aikin ƙwararru ciki da waje ake yi, ya shiga ya rufe ya shafe ta har gefe-gefe, ya zauna kan bokiti yana jira ta sha iska. Ta sha iska, ta kuma kama jikin katakon ta manne gam. Ya ja, ya tura, ya yi mata magana mai daɗi, ko gezau.

"Madam. Madam, kina kusa?"

"Ina jin ka, Malam. Wace ƙofar ce? Duk iri ɗaya nake gani."

"Kin fi kowa sanin inda banɗaki yake."

"Da na sani, lokacin yana rawaya."

Sai da ta gama tsintar shinkafarta tsaf sannan ta aika aka kira tela da mai aski. Suka haɗa kafaɗa suka banke ƙofar, Na-Sani ya fito jiƙe da gumi, idanu jajur saboda warin fenti. Ya ce musu gwajin ƙarfin fentin yake yi, kuma ya ci jarrabawa.

A hanyar fita ne mai aski ya gamu da tasa. Akwai 'yar matakala tsakanin baranda da tsakar gida, da can ja ce, kowa na ganinta. Yanzu ita da simintin ƙasa sun zama abu guda. Mai aski ya taka iska, ya tafi da baki, sai da goshinsa ya gaisa da duron ruwa.

"Ka gani ko?" in ji Na-Sani, baki har kunne. "Abin da matar nan mai ƙawata gidaje ke faɗa ke nan. In aiki ya yi kyau, ido ba ya tsayawa a ko'ina, sai ya yi ta tafiya sumul."

"Idon bai tsaya ba," in ji mai aski yana dafe da ƙulu, "amma goshina ya tsaya."

Duron ma da ya jawo abin shuɗi ne, don haka kafin la'asar ya sha nasa rabon. Butoci suka bi baya. Makunnin fitila ya ɓace a jikin bango, sai an yi ta lalube kamar ana neman ƙuma. Jar kazar Inna ta yi karambanin faɗawa cikin baho, ta fito tana ɗiga. Matarsa ta ce a wanke ta da sauri. Na-Sani ya ƙare mata kallo ya ce a bar ta, ai yanzu ne ta dace da gidan.

Ana cikin haka Auta ta bugo waya, muryarta na rawa don murna. Ya sa a lasifika don matarsa ta ji.

"Yaya, an buɗe idon, Inna na gani. Tun safe take lissafa launi kamar 'yar makaranta. Ta ce rigar nas shuɗiya ce, bargon gadon kore ne, har ta tsayar da mai shara don ta kalli jan bokitinsa. Kuka take tana dariya. Ta ce ba abin da take ɗokin gani irin ƙofar ɗakinta da jan furen nan nata na bakin taga."

Bayan an kashe wayar, matar ta dube shi ta daɗe.

"Malam, ka ji abin da ta ce?"

"Na sani."

"Ina jiye maka garin neman gira a rasa ido."

"Ke ba ki fahimci kimiyyar abin ba. Sabon ido kamar jariri yake. Wa ke kai jariri gidan makaɗa? In ta shigo jan furen nan ya daki idon, wa za a kama? Allah ne ma ya sa na fara aikin nan a kan kari."

Maimakon ya sassauta, sai ya ƙara wuta. Ya kwashe tukwanen furen ya kai bayan shagon tela ajiya. Ya shiga ɗakin Inna ya cire labulenta mai zanen ganye, ya yaye zanin gado mai ruwan goro, ya naɗe dardumarta, ya tura komai cikin sito. Hoton marigayi da ke rataye ya tsira don dama baƙi da fari ne, amma firam ɗinsa mai ruwan zinariya bai tsira ba. Sannan ya sayo bandir ɗin yadi ruwan toka ya jibge wa tela, ya ce a ɗinka labule, da rigunan kujeru, da zanin gado. Da yadi ya ragu, ya ce a yi masa riga da wando, a yi wa Madam doguwar riga da ɗankwali.

"Ba zan sa ba," in ji ta. "Ni ba bango ba ce."

"Don lafiyar idon Inna ne. Ko so kike a ce suruka ce ta makantar da ita?"

Ta sa, amma ta ce Allah na gani. Tela ma da ya ga ƙyalle ya saura, ya ɗinka wa kansa 'yar shara, don shi bai yarda da asara ba.

Ranar sallama Na-Sani ya bi layin gida-gida yana gayyata, ya ce kowa ya zo ya ga yadda ake tarbar uwa, ya kuma ɗauki darasi kyauta. Da sassafe ya lura dogon bencin da baƙi za su zauna ruwan katako ne, yana neman ɓata masa tsari, ya shafe shi da ragowar fentin mai. Ya taɓa da yatsa bayan ɗan lokaci, ya ce ya bushe. Ƙofar gida ita ya bari ta ƙarshe, ita ma ta bi 'yan'uwanta.

Kafin azahar tsakar gida ta cika. Dattawa suka jeru a benci, mai aski a tsakiyarsu da farar riga da filasta a goshi. Mata suka tsaya daga baya suna ƙus-ƙus. Wata ta ce gidan ya yi mata kama da ofishin 'yan sanda, wata ta ce a'a, ofishin 'yan sanda ai yana da tuta. Na-Sani ya ji, ya yi kunnen uwar shegu, yana kai da kawo cikin sabbin kaya.

Wata tasi ta shigo layin a hankali, ta wuce. Ta juyo, ta sake wucewa. Can sai wayarsa ta yi ƙara.

"Yaya, ina gidanmu?"

"Inda kika bar shi."

"Ni ban ga koriyar ƙofa ba. Wani dogon bango kawai nake gani kamar na ma'ajiyar siminti."

Sai da ya fita tsakiyar titi yana ɗaga hannu sannan direban ya tsaya, shi ma ya ce da farko ya ɗauka turken wuta ne. Auta ta fito da jan mayafi, ta dubi bangon, ta dubi yayanta daga sama har ƙasa, ta buɗe baki. Ya ɗora yatsa a leɓe ya nuna Inna. Tsohuwar na sanye da baƙin tabarau, ta kuma runtse ido tun daga asibiti, don likita ya ce ta kiyayi hasken rana a hanya. Auta ta haɗiye maganarta, ta kama kafaɗun Inna ta baya, ta shigo da ita har tsakiyar gida. Matar Na-Sani ce ta yi saurin cewa a kula da matakala.

Na-Sani ya yi gyaran murya.

"Jama'a, yau za ku ga bambancin ɗa da 'ya. Wasu asibiti kawai suka iya kai uwa. Wasu kuwa gida suke mayar mata fada. Inna, buɗe idonki ki ga abin da babban ɗanki ya yi miki."

Inna ta cire tabarau tana murmushi. Ta buɗe ido a hankali, ta sauke shi daidai inda ta san ƙofarta take. Murmushin ya tsaya. Ta ƙifta, ta juya wajen kicin, ta juya wajen taga. Ta dubi duro, ta dubi butoci, ta dubi wasu mutum biyu a gabanta da ba ta iya raba su da bango ba. Tabaran ya suɓuce mata ya faɗi.

"Auta," ta ce da 'yar ƙaramar murya. "Ya dawo."

"Me ya dawo, Inna?"

"Hayaƙin. Idon ya koma. Ba na ganin komai sai toka." Sai ta fashe da kuka, irin kukan da ba a taɓa jin ta yi ba ko ranar da mijinta ya rasu. "Kwana nawa kacal aka ara mini. Da na sani da ban yi barci ba, da na yi ta kallo. Ko ƙofata ban gani ba."

Wuri ya ruɗe da salati. Wani ya ce a koma asibiti yanzu, wani ya ce dama likitocin zamani sai a hankali. Dattawan benci suka yunƙura za su tashi, bencin ya ce bai san zance ba. Suka sake yunƙurawa tare, ya biyo su sama kaɗan sannan ya sake su da wata ƙara kamar ana yage buhu.

Na-Sani ya tsaya tsuru-tsuru. Kukan ya shige shi har ƙashi, ya kuma gane sarai abin da ya faru. Amma da ya ji ana ambaton likita, sai wata 'yar ƙofa ta buɗe masa, shi kuwa bai taɓa ganin ƙofar tsira ya wuce ta ba.

"Na sani," ya fara. "Dama tun da na ga likitan nan na ce hannunsa..."

"Malam," in ji matarsa. Kallon da ta yi masa ya isa.

Inna ta juya tana laluben 'yarta don ta riƙe, ta damƙo mayafin. Kukan ya yanke. Ta jawo shi kusa da fuskarta, ta nisanta shi, ta sake jawowa.

"Auta, wannan ja ne?"

"Ja ne, Inna."

"Da ɗigo-ɗigon fari a bakinsa?"

"Ƙwarai."

Inna ta dubi bango, ta dubi mayafi. Ta ɗaga kai ta ga sama shuɗiya tas. Ta sauke ta ga matan layi a baya, kowacce da atamfarta mai launi. Daidai nan kazar ta ratso tsakar gida tana taƙama, toka tun daga wuya har jela, jan tukkunta kaɗai ya rage. Inna ta bi ta da kallo har ta shige bayan duro. Sannan ta share hawaye da gefen zani, ta miƙe tsaye sosai, muryarta ta dawo irin wadda layin ya sani.

"Wane ne ya yi wa gidana wannan aika-aika?"

Duk yatsun layin wuri ɗaya suka nuna. Har dattawa suka juyo don su nuna, aka ga bayan kowannensu da faffaɗan tambarin benci. Farar rigar mai aski ta fi kowacce ɗauka.

"Inna, launi ɗan ba-ruwana ne," in ji Na-Sani. "Haka manya ke yi. Yana kwantar da hankali."

"Ka ga alamar hankalina a kwance? Shekara da shekaru ina cikin toka, an sa mini wuƙa a ido an fito da ni, kai kuma ka je kasuwa ka sayo ta a gwangwani ka shafa mini. Ubanka ya yi wata guda yana zaɓen shuɗin ƙofar nan. Ina labulena?"

"Yana sito."

"Ina siton?"

Ya juya zai nuna, ya tsaya yana duban ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Matan baya suka kasa riƙe dariya.

"Ina furena?"

"Yana wurin tela, lafiya lau."

Tela ya sosa ƙeya, ya ja 'yar shararsa ƙasa. "Wato, Inna, tukwanen suna nan lafiya. Akuyata ce dai ba ta san ajiya ba ce."

Dariyar ta koma ihu. Mai aski, yana riƙe da bayan rigarsa, ya ce shi dai a gaya masa wa zai wanke wannan, ko shi ma hawa-hawa ne. Auta ta gyara mayafinta, ta matso kusa da uwarta, ta yi magana a hankali amma yadda kowa zai ji.

"Inna, tasi na jira. Na gyara miki ɗaki, labulensa ma kore ne."

Nan Na-Sani ya dubi Auta, ya dubi Inna. Karo na farko a rayuwarsa bai ce ya sani ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon simintin da ya shafe da hannunsa, yana jira ya ji takun Inna ta nufi ƙofa.

Inna ta daɗe tana duban gidan.

"Sallami mai tasi," ta ce.

"Inna?"

"Na ce ki sallame shi. 'Yan kwanaki na yi ba na nan, ya shafe gida har da kaza. In na tare a wurinki, wa ya san abin da zan tarar? Wannan ba a barinsa shi kaɗai. Matar nan tasa ta yi iya ƙoƙarinta, dubi yadda ya mayar da ita kamar buhun siminti. Ina nan. Kuma ina zaune a kujera zai mayar da kowace ƙofa yadda take, yanzu ina da idon duba aiki."

Wani daɗi ya kama Na-Sani. Ya ɗago, ya dubi Auta, ya dubi jama'a, kafaɗunsa suka fara komawa inda suka saba.

"To, kun dai ji da kunnenku. Dama na ce in ta ga gidan ba za ta..."

"Rufe mini baki. Zo nan."

Ya matso. Ta ce ya durƙusa, ya durƙusa. Ya runtse ido yana jiran mari a gaban duk layin. Sai ya ji ta cire masa hula. Ta kama haɓarsa ta juya fuskar wajen haske, tana dubansa kamar yadda ta dubi mayafin, don rabonta da ganin fuskar nan sosai tun yana da sauran ƙuruciya.

"Kai, ba ka da hankali ne? Har kanka da gemunka ka shafa wa?"

"Inna," ya ce a hankali, "wannan ba fenti ba ne, furfura ce."

Inna ta lashi babban yatsanta ta murza gefen kansa, ta duba yatsan. Ta sake murzawa da ƙarfi, ta sake dubawa. Babu abin da ya fita. Ta bar hannunta a kan nasa na ɗan lokaci.

Sannan ta mayar masa da hular, ta danna ta sosai.

"To, wannan ka bar shi," ta ce. "Sauran, tashi ka fara kankarewa."